Litiyam da Ƙoda: Daga Ina Yawan Fitsarin Nan?

Tambaya: Assalamu alaikum Likita. Maigidana yana da lalurar baifola, wadda kan jefa shi wani lokaci cikin zumuɗi da rashin barci, wani lokaci cikin ƙunci. Shekara 6 yana shan litiyam, ya kuma samu sauƙi. Yanzu sai ya tashi fitsari sau biyar a dare, gorar ruwa kullum a gefen gado. An auna suga, lafiya lau. Ƙodarsa ce? Ya daina maganin?
Wata uwargida daga Zariya

Amsa: Wa alaikumus salam Malama. Kada ya yanke maganin da kansa, domin ciwon kan dawo da ƙarfi.

Ta ƙoda kusan dukkan litiyam ke fita daga jiki. Idan an daɗe ana sha, yakan hana ƙoda jin sinadarin da ke sa ta riƙe ruwa, sai fitsari ya yi yawa, fari kamar ruwan famfo. Wannan daban yake da gazawar ƙoda, amma ana duba duka biyun.

Ku tara fitsarinsa na awa 24 a jarka. Idan ya haura lita 3, ku sanar da likitansa. A auna kiratinin, wato dattin da ƙoda ke tacewa daga jini, da eGFR, wato ƙarfin tacewar ƙoda, da kalsiyam da sinadarin maƙoƙo, duk wata 6. Gwajin litiyam kuwa, awa 12 bayan shan na dare ake ɗibar jinin, in ba haka ba sakamakon zai ruɗar. Ana son adadin litiyam a jini ya tsaya tsakanin 0.6 da 1.0, daga 1.5 guba ce. Idan eGFR ta sauka ƙasa da 60 ko tana ta raguwa, sai a haɗa da likitan ƙoda. Likita na iya rage adadin, ko ya mayar da shi sau ɗaya da dare.

Babban kuskure shi ne hana shi ruwa don fitsarin ya ragu. Jiki na bushewa, litiyam na taruwa. Haka zafin bazara da gudawa da amai ke yi, azumi ma sai da shawarar likita. Ibuprofen da diclofenac na kemis, ya bar su, farasitamol ya isa. Lisinopril da magungunan hawan jini masu sa fitsari suna ɗaga litiyam, haka rage gishiri farat ɗaya.

Kika ga hannu na karkarwa sosai, yana tangaɗi, harshe ya yi nauyi, kada ya sha litiyam a ranar, ku wuce asibiti nan take.