Zauren Bakanike: Wane injin dizal zan ɗora wa tsohuwar Hilux?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina da tsohuwar Hilux mai injin fetur 22R, ina ɗaukar hatsi da ita tsakanin Daura, Mai'adua da Zango. Injin ya gaji, yana shan baƙin mai. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023 nake tunanin mayar da ita dizal. Wani ya ce in sa 3L, wani ya ce 1KZ ya fi ƙarfi. Wanne zan saya? Daga mai karatu a Daura.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Sayi 3L, mai lita 2.8, ko ƙanensa 5L mai lita 3.0, amma wanda famfonsa, wato mai tura dizal cikin inji, ba na lantarki ba. In ka ga an rubuta 5L-E, wuce shi, na lantarki ne. Famfon 3L waya ɗaya tak yake buƙata, wadda ke buɗe mai in ka murɗa makulli, ta rufe in ka kashe. Duk mai gyaran famfo da nozul a Daura ko Katsina ya san cikinsa. Gaskiya ne 1KZ-TE ya fi shi ja, yana da tobo, sai dai kwamfuta ke sarrafa famfonsa, kuma kansa na saurin tsagewa da zarar ya yi zafi. Motar da za ta sha lodi a ranar Afrilu, zafi ya haura digiri 40, ba ta buƙatar wannan fargabar. Shi 3L ƙarfin dokinsa bai wuce 90 da ɗan abu ba, kada ka sa ran gudu. Jaki ne, a hankali zai kai kayan.

Kada ka sayi inji tsirara. Giyabos ɗin 22R ba ya kama bayan 3L kai tsaye, don haka nemi inji haɗe da giyabos, kuloci, kik, altaneta da kujerun injinsa, wanda aka ciro daga Hilux. Na Hiace sun fi yawa a kasuwa, amma kaskon baƙin mansu da bakin iskarsu ba lallai su zauna maka ba, musamman in motarka mai jan gaba da baya ce, inda kaskon kan taɓo aksul ɗin gaba. Ko a Ƙofar Ruwa ta Kano za ka saya, ko a Panteka ta Kaduna, tafi da bakanikenka. Ɗora hannu a jikin injin kafin a tayar, ka tabbata a sanyaye yake, don wasu kan ɗumama shi kafin mai saye ya iso. In ya tashi, buɗe murfin baƙin mai: ɗan huci ba komai, amma in hayaƙi na bulbulowa, zobban fistin sun tafi. In an haɗa masa lagireto ka ga kumfa na tasowa ba tsayawa, gaskit ne ko kan injin ya tsage.

Wajen ɗorawa, abin da aka fi mantawa shi ne birki. Injin dizal ba ya samar da zuƙar iskar da ke tausasa birki, sai ta ƙaramin famfon da ke manne a bayan altaneta. In ba a ja masa tiyo zuwa tukunyar birki ba, feda zai yi tauri kamar dutse. A wanke tanki tas, a tabbata akwai bututun da ke mayar da rarar mai, a sa matatar dizal mai ware ruwa. A sa lagireto babba da batir mai ƙarfi. A canza taimin bel tun injin yana ƙasa, domin ba wanda ya san shekarun na jikinsa. Ƙa'idarsa kilomita 100,000, kuma in ya tsinke fistin zai daki bawul. Farfela ma, wato sandar da ke kai juyi daga giyabos zuwa aksul, a auna ta, wataƙila sai an rage ko an ƙara.

Kafin ka fitar da ko sisi, haɗa kuɗin inji, walda, mai waya da gyaran lambar inji a takardun mota, ka kwatanta da farashin litar dizal da ta fetur a garinku. In ba kullum motar ke kan hanya da kaya ba, gyara 22R ɗinka ya fi maka sauƙi.

TAMBAYA: An sa mini 3L, amma da sanyin safiya lokacin hunturu sai an tura. Me ke kawo haka? Daga mai karatu a Katsina.

AMSA: Fara da filogin ɗumama inji, guda huɗu ne. Sau da yawa mai waya bai haɗa musu rile (makunnin da ke ba su wuta) ba, ko biyu sun mutu. A ciro su a gwada da batir, lafiyayye bakinsa zai yi ja cikin 'yan daƙiƙu. In suna lafiya, danna famfon hannun da ke kan matata kafin ka yi kik. Ya tashi nan take? To iska ke shiga ta tiyo da daddare, mai ya koma tanki; a canza tiyon da maɗaurinsa. Tsumma mai fetur da yaran gareji ke karawa a bakin iska kuwa, hana su, yana fasa zobba.