Gidan da ya haɗa bango da maƙwabci: abin dubawa kafin a miƙa kuɗi

Tambaya: Assalamu alaikum. Dillali ya nuna mini gida a bayan gari, wajen hanyar Tanut. Gidaje ne guda biyu iri ɗaya a fili ɗaya, bango guda ya raba su, ɗayan ake sayarwa. Takardar ciniki kawai ya nuna mini, mai sa hannun mai unguwa. Ta isa? Daga wani magidanci a Karkada, Damagaram.

Amsa: Wa alaikumus salam, Malam. Ba ta isa ba. Takardar mai unguwa shaida ce cewa an yi ciniki, amma ba ta tabbatar da cewa filin na mai sayarwa ne. Filin da ma'aikatar magajin gari ta yanka yana da takardar mallaka, wadda ake kira akt da sesiyon, ɗauke da lambar ilo (rukunin filayen) da lambar parsal (filin kansa). Nemi ta asali, kada ka yarda da fotokopi, domin sau da yawa ta asalin tana ajiye jingina a banki ko a hannun mai bin bashi. Kwafi lambobin ka kai ofishin filaye na ma'aikatar magajin gari a buɗe rajista. In sunan da ke ciki ba na mai sayarwa ba ne, sai ya kawo takardar kowane ciniki da aka yi tun daga mai sunan har zuwa kansa. In gidan gado ne, a kawo takardar gado daga kotu da yardar magada duka, har matan da ke aure a wani gari.

Babban tarkon irin wannan gida shi ne takarda ɗaya ce ke rufe gidajen biyu. Muddin mai awon ƙasa bai raba filin ya kafa duwatsun iyaka ba, rabin abin da ba a raba ba ka saya, kuma ranar da maƙwabci ya jinginar da takardar, da ɗakinka ya jinginar. A raba tukuna, sannan a yi cinikin gaban notar, wato ma'aikacin shari'a mai tabbatar da takardun ciniki, a juya suna. In akwai titir fonsiye, wato takardar mallaka ta dindindin da gwamnati ke bayarwa, shi ya fi kowace takarda ƙarfi.

Sai izinin gini da zanen gidan. Riƙe zanen ka zagaya da tef. Shagon da aka ƙara a ƙofar gida yakan ci hanya, kuma shi ake fara rushewa in an zo gyaran titi.

Shi kuma bangon tsakiya, tsaya masa sosai. Dubi gindinsa: in filasta ta kumbura, tana zubowa kamar gari in ka murza da yatsa, to akwai makewayi ko famfo a bayansa yana tsatsafo ruwa. Tsagar da ta tashi a karkace daga kusurwar taga, wadda tsinken ashana ke shiga, alama ce tushen gefe ɗaya ya zauna. Hau sama ka ga inda indararo ke zubarwa, ka tambayi ko ramin shadda ɗaya ne. A rubuta gaban shaidu wanda zai yashe shi, da ko an yarda wani ya ɗora bene a kan bangon.

Tambaya: Mai gidan da nake son saye ya ce wutarsa ba ta da tsada. Ta yaya zan gane gaskiya? Daga wata uwargida a Sabon Gari.

Amsa: Hajiya, karɓi faktir ɗin NIGELEC, wato takardun kuɗin wuta na kamfanin lantarkin Nijar, na wata goma sha biyu, ki fi sa ido kan na Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Damagaram ke haura digiri 40. Kada ki auna da watannin Agustan 2023 zuwa Maris na 2024, lokacin da Najeriya ta katse wutar da take turowa, don faktir ɗin lokacin ba ya nuna ainihin cin gidan. Ki gwada lambar da ke jikin kontar (mitar wuta) da ta kan takarda, ki je ofishinsu a duba ko akwai bashi, a biya kafin a juya suna.

Gidajen tagwaye sukan sha daga kontar ɗaya a ɓoye. Kashe babban makunni na gidan da yamma, ki leƙa ko fitilar maƙwabci ta mutu tare da taki.

Ga lissafin da zai taimaka: na'urar sanyaya ɗaki mai ƙarfin doki ɗaya da rabi tana jan wajen wat 1,200. Awa takwas kowane dare ya kama kusan kilowat-awa 290 a wata. Kontar mai ampiya 15 kuwa wajen wat 3,300 take ɗauka, don haka na'ura biyu da dutsen guga da firji za su riƙa kayar da ita. Sa mai gyaran wuta ya buɗe soket biyu ko uku. Waya mai kaurin murabba'in milimita 1.5 ta fitilu ce, soket na son 2.5, kuma in ya tarar da robar wayar ta yi baƙi tana karyewa, ki cire kuɗin sake waya daga farashin gidan. In an haɗa da sola a cinikin, tambayi shekarar da aka sayi batura, don zafin nan yana cinye su da wuri, wanda ya shekara uku sai ki lissafa shi a matsayin wanda za ki canza.