Amsa ga mai tambaya kan 504 ɗin da aka yi wa sabon fenti

Ƙanena, tambayarka ce ta hana ni wucewa. Ka ce ka daɗe kana tara kuɗi don motarka ta farko, ka ga Peugeot 504 an yi mata sabon fenti tana walƙiya, mai ita ya ce shekara huɗu tana ajiye kuma batir kawai take buƙata, sannan wai akwai wani mai zuwa da kuɗi gobe. Kana son sanin ko ka biya, in kuma ka saya da me za ka fara. Wallahi na san wannan zumuɗin da ke hana mutum barci, na kuma san ɗacin da ke biyo bayansa, shi ya sa zan yi maka magana ba ɓoye-ɓoye.

Sabon fentin nan shi ya fi tayar mini da hankali. Motar da ta shekara huɗu ba ta motsa ba, me ya kai fenti jikinta? Wanda bai iya saya mata batir ba, ina ya sami kuɗin fenti? Abin da masu wannan hali ke yi kowa a nan ya san shi. Inda tsatsa ta huda ƙarfe sai su cusa ragar waya, wani lokaci har da takarda ko tsumma, su shafe da fila (ƙullun da ake cike ramin bodi da shi) kaurin yatsa, su goge ya yi sumul, su fesa fenti mai sheƙi. Wata shida ba za a yi ba fentin zai fara ƙuraje, domin fila yana shan damshi ta baya, tsatsar kuma tana ci gaba da cinta a ɓoye. Ranar da mai walda ya ɗora injin guga a gefen ƙofa, farin gari ya riƙa tashi kamar an zazzage buhu, aka yi ta guga ba a tarar da ƙarfe ba, ranar yaro yake gane cewa kuɗin da ya tara na shekaru ya tafi a kan ƙasa da fenti. Babu abin da ya kai wannan ciwo a harkar nan. Kuma abin takaicin, matasa irinku suke nema, domin sun san tsohon hannu zai kwanta a ƙasa ya leƙa, ku kuwa kunya za ta hana ku. Mutum ya dubi idon yaro, ya san ƙarfen da ke riƙe da ƙafar motar ya ruɓe, ya karɓi kuɗinsa yana murmushi. Wannan ba ciniki ba ne, wasa da ran mutane ne, Allah ya isa kawai.

Saboda haka kada ka je da kunya. Ka tafi da rana tsaka, motar a bushe, ka riƙe tocila, sukudireba, da ɗan maganaɗisu mara ƙarfi naɗe a ƙyalle. Ka bi da shi ƙasan ƙofofi, bakin tayoyi, kewayen gilashin gaba da na baya. Inda akwai ƙarfe zai kama, inda ya saki fila ne. Fentin kamfani kaurinsa bai cika wuce milimita 0.2 ba, fila kuma ko a aikin kirki bai kamata ya haura milimita 3 ba. Ita 504 mai but ba ta da shasi daban, bodin ne ke ɗauke da komai, don haka dogon ƙarfen da ke ƙarƙashin ƙofofi shi ne ƙashin bayanta. Ka danna shi da sukudireba da ƙarfi, musamman wajen da ake sa jak. Ka buɗe bonet ka dubi saman inda shokazoba ke ɗaure, ka ɗaga kafet ɗin ƙafar direba da na fasinja, ka kwashe komai a but ka ga ƙasansa, sannan ka kwanta ka haska inda ƙafar baya ke haɗe da bodi. In ka ga baƙin kwalta sabo an shafe ƙasan motar da shi, ka ƙara zargi. In mai motar ya hana ka ɗaga kafet, ka yi masa sallama. Maganar mai zuwa da kuɗi gobe kuwa, bar shi ya zo.

Ni a ganina bodi ake saye a tsohuwar mota. Inji ko ya mutu ana sauke shi a yini ɗaya a ɗora wani, kuma kana iya lissafa kuɗinsa tun kafin ka fara. Tsatsa ba ta da lissafi. Abin da ka gani da ido kullum ƙarami ne a kan abin da za a tarar in an yanka. Mota mai koɗaɗɗen fenti na asali, mai muni a ido amma ƙarfenta lafiya, ta fi wannan mai sheƙin sau goma.

Kafin na manta, takardu. Lambar da ke jikin bodi ta dace da ta takarda harafi da harafi, sunan da ke takardar kuma ya zama na mai sayarwa ko akwai shaidar yadda ta zo hannunsa. Ka dubi wajen lambar da kyau, in akwai alamar walda ko guga a kewayenta, ka bar motar ko kyauta ce.

To, a ce ƙarfen ya yi kyau. Kada ka yarda a sa batir a murɗa makulli haka kawai. Shekara huɗu mai ya gama tsiyayewa daga jikin silinda, ring zai kankare bango a bushe. A cire fulogi huɗun, a zuba kamar cokali ɗaya na baƙin mai a kowane rami, a bar shi ya kwana, sannan a juya injin da sifana ta notin fuli, zagaye biyu cikakku. In ya juya ba tare da ya cije ba, a sauke tsohon mai da filta, a zuba sabo, a yi ta ba shi kik ba fulogi har fitilar mai ta mutu. A nan ne za a auna matsin kowace silinda da geji, maƙurar fetur a buɗe. Abin dubawa shi ne su huɗun su yi kusa da juna, bambancin kada ya wuce kashi 10 cikin 100. Wadda ta yi ƙasa, a ƙara mata ɗan mai a sake aunawa: in ta hau, ring ne, in ba ta hau ba, bawul ne ko gaskit. In biyu maƙwabta suka faɗi tare, gaskit ya ƙone a tsakaninsu. Fetur ɗin da ke tankin kuma ya riga ya zama danƙo, zai toshe kafireta, sai a ja sabon fetur daga galan mai tsabta har a wanke tankin.

Akwai wani abu game da injin 504 mai cc 1971 da yake ba ni haushi in na ga an lalata shi a banza. Silindarsa hannun riga ce da ake zarewa, ruwa na zagaye ta kai tsaye, akwai abin toshewa a gindinta. In bakanike ya cire kan injin, dole ya danne hannayen rigar da noti da faffaɗan washa kafin ya taɓa juya inji. In ya juya haka, sai su ɗago, toshiyar gindin ta saki, a mayar da komai a ɗaure, bayan kwana biyu ruwa ya gangara cikin mai. Sai ka ji ana cewa gaskit ɗin jabu ne, alhali aikin ne ya ɓaci. Ka tambayi bakaniken wannan tun kafin ka ba shi, amsarsa za ta nuna maka ko ya san motar. Kan injin kuma alminiyom ne, zafi ɗaya mai tsanani yana iya lanƙwasa shi, don haka lagireto da tiyoyin ruwa da fambel ba abin jira ba ne. Kuma a daina cire tamostat ana jefarwa, a sa sabo.

Na san ranka na kan rim da rediyo. Yi haƙuri, birki ne farko. Man birki na DOT 3 da DOT 4 yana tsotsar ruwa daga iska, shi ya sa ake canza shi duk shekara biyu, wanda ya shekara huɗu kuwa ya riga ya sa tsatsa a cikin masta (famfon da ke tura man birki) da fistin ɗin ƙafafu. Tiyoyin roba na birki suna kumbura ta ciki inda ido ba ya gani, mai ya tafi ya kasa dawowa, taya ta riƙe ta yi zafi. A canza su duka, a bi bututun ƙarfen daga gaba har baya, a zuba sabon mai a fitar da iska, ana farawa daga tayar da ta fi nisa da masta. Kada a haɗa DOT 5 da waɗancan, ba sa gauraya. Tiyoyin fetur ma haka, domin fetur mai haɗin etanol yana cin tsohuwar roba, ka nemi mai rubutun R9 a jiki. Ɗigo kaɗan a kan salansa mai zafi ya isa ya cinye motar, ka ajiye abin kashe gobara inda hannunka zai kai kana zaune.

Taya kuma kada zanenta ya ruɗe ka. Lambobi huɗu na ƙarshe bayan rubutun DOT da ke gefen taya su ne mako da shekarar da aka yi ta, 2315 na nufin mako na 23 a 2015. In uku ka gani, an yi ta kafin 2000. Wadda ta kai shekara goma a jefar da ita ko ba ta taɓa taka titi ba.

Wayarin shi ma yana da nasa baƙin cikin, don kowane mai ita na baya ya yanka ya ƙulla. Batir mai lafiya a huce yana ba da bolt 12.6, in inji na aiki ya kamata ka ga tsakanin 13.8 da 14.4. Yawancin fitilun da ke wasa matsalar wayar as ce (wato wayar negatif) da ta yi tsatsa inda take ɗaure a bodi, gogewa kawai take so. Duk fiyus ɗin da ka tarar an naɗe da waya, ka cire shi a ranar.

Roƙona gare ka, kada ka wargaza motar gaba ɗaya. Da yawa sun kwance komai cikin mako guda da zafin nama, kuɗi ya yanke, notuna suka ɓace, motar ta ƙare a kan bulo. Ɓangare ɗaya a lokaci ɗaya, ka ɗauki hoto kafin ka kwance, notunan kowane wuri a ledarsu da rubutu. In an zo walda, a yanke ruɓaɓɓen har a kai ƙarfe mai haske, a sa sabon falle mai kauri irin na wurin, kamar milimita 0.8 zuwa 1 a fatar bodi, wajen ɗaukar nauyi ya fi haka, a ɗiga waldar tsalle-tsalle don kada zafi ya murɗe shi. Kada ka yarda a ɗora faci a kan tsatsa. A cire kan batir, a kwashe kafet, a nisanta wuta da tanki. Kuma kada ka saye ta da duk abin da ke hannunka, rabi ya tafi saye, rabi ya zauna don gyara.

In ka je gobe, ɗauko mana hoton wajen jak ɗin nan huɗu, da ƙasan kafet ɗin direba, da saman shokazoba ta gaba, ka turo kafin ka ba shi ko sisi. Za mu duba tare.