Kosh aljani ne ko mala'ika? Amsoshin wannan makon

Tambaya: Malam ina kallon wani tsohon shirin talabijin na Amurka mai suna Babylon 5, akwai wasu halittu da ake ce ma Vorlon, jakadansu Kosh kullum yana cikin wata irin riga kamar akwati ba a ganin jikinsa, kuma su ne ke nuna wa mutane hanya. Ni na ce aljanu ne, abokina ya ce mala'iku. Wa ya canka?

Amsa: Ɗana duk cikinku babu. Wannan ɗabi'a ta ishe ni wallahi, duk abin da muka gani bai yi kama da mutum ko dabba ba sai mu ce aljani, shi kenan an huta da tunani. Na yarda akwai inda ka kusa, don asalin kalmar a Larabci ɓuya take nufi, shi ya sa iyayenmu ke sakayawa su ce mutanen ɓoye, kuma Kosh ɗin a ɓoye yake. Amma aljani a wurin Bahaushe maƙwabci ne, nan duniyar muke tare da shi, a tsamiya ko kuka ko kan juji, ba shi da jirgin yaƙi, ba ya turo jakada ya zauna a majalisa. Abokinka kuma na san inda ya samo tasa, a ƙarshen zango na biyu ne Kosh ya fito daga rigar don ya ceci Sheridan, ɗan Adam ɗin da ke shugabantar tashar sararin samaniya ta Babylon 5, kowace al'umma ta gan shi da siffar halittar haske ta addininta, banda Londo, jakadan al'ummar Centauri, da ya ce shi bai ga komai ba. To ai daga baya shirin ya nuna su Vorlon ɗin ne suka daɗe suna shirya ƙananan al'ummu don su riƙa ganinsu a haka. Mala'ika umarni yake bi, ba ya da wata manufa tasa, waɗannan kuwa da abin ya yi zafi duniyoyi suka shiga tarwatsawa da mutanen ciki. Kada a ɗora musu wannan suna.

Ni kalmar da na zaɓa musu ita ce jagora, kuma ku daina ɗaukarta kamar yabo ce zalla yadda 'yan siyasa suka mai da ita, kowane mai fosta yanzu jagora ne. Ja da gora ne aka haɗa, wato yaron da ke riƙe bakin sanda yana jan makaho. Wanda ake ja bai san inda aka nufa da shi ba, kuma mai ja bai ga dalilin yi masa bayani ba, haka Vorlon suka ɗauki 'yan Adam tun daga farkon shirin a 1994 har zango na huɗu da Sheridan ya ce musu su da abokan gabarsu a sakar musu sanda, su tattara su bar musu sararin.

Tambaya: A shirin Star Trek: Deep Space Nine mutanen Bajor na kiran halittun da ke cikin wata kafa ta sararin samaniya da sunan da ke nufin annabawa. In rubuta haka?

Amsa: A'a malama. Ki ce halittun da mutanen Bajor ke bauta wa, ya wadatar.

Tambaya: Na ga ana rubuta "bakin halittu" in ana nufin halittun wasu duniyoyi, daidai ne?

Amsa: Bakinsu wanne, na cin abinci? Don Allah ku riƙa sa ƙugiya, yanzu kowace waya tana da ita, ƙiwuya ce kawai. Baki daban, baƙi jam'in baƙo daban, baƙi na launi daban, kuma a furuci ma na baƙunta ana jan wasalin farko, na launi ba a ja. Wasu na tsoron wai in sun rubuta baƙin halittu za a zaci launi ake nufi, to ai nahawu ya raba gardama, da launi ne da baƙaƙen halittu za a ce. Sai dai ni "baƙo" ma bai gama kwanta mini ba a nan, tunda mun ce baƙo raɓa ɗan gari kaba, su kuwa Vorlon sun riga mutane zama a sararin da shekaru miliyoyi, in ana maganar baƙunta mu ne raɓar.

Tambaya: Yadda Kosh ke magana a dunƙule, habaici ne?

Amsa: Ba habaici ba ne 'yata. Habaici yana da wanda ake yi dominsa, kuma so ake ya gane ya ji zafi, haka gugar zana da shaguɓe. Zaurance kuma sauya fasalin kalmomi ne, in ka san dabarar ka warware. Abin da Kosh ke yi kurman baƙi ne, baƙi a nan harafi, ga kalmomin duk ka san su amma ma'anar ta ƙi fitowa sai bayan abin ya faru. A tambaye shi ɗayan abu biyu ya ce "e" ya juya ya tafi.

Tambaya: Wane karin magana ya dace da taimakon da suke yi?

Amsa: Ruwa ba ya tsami banza.

Tambaya: "Faɗan da ya fi ƙarfinka ka mai da shi wasa", ba shi ya kamata Sheridan ya bi ba?

Amsa: Wannan karin na wanda ke da damar janye jiki ne. Vorlon na tambayar "wane ne kai", abokan gabarsu na tambayar "me kake so", kuma a gidajen ƙananan al'ummu suke gwada wa ya fi gaskiya, to wanda ake dambe a tsakar ɗakinsa da wa zai yi wasan? Kosh ma da ya amsa roƙon Sheridan ya sa mutanensa suka shiga yaƙin a zango na uku, ransa ya biya da shi.