Amsar Gwaggo kan canja ɗan kunne bayan huji

'Yata, na ga saƙonki. Kin ce an yi miki huji biyu, ɗaya a ƙasan kunne ɗaya a sama, ƙawayenki kuma suna cewa ai an saba, da zarar an yi mako biyu sai a cire na farko a saka na kwalliya. Don Allah kada ki biye musu. Gaggawa ce kawai ta haifar da wannan sabon.

Huji ciwo ne, kuma daga waje yake fara warkewa. Bakinsa zai bushe ya yi kyau alhali cikinsa ɗanye ne. Idan kika tura wani ɗan kunne a lokacin, tsininsa zai yage sabuwar fatar, aiki ya dawo sabo. Na ƙasa, wurin nama mai taushi, yana bukatar mako 6 zuwa 8. Na saman nan shi nake jiye miki, domin guringuntsi ne, jini ba ya isa wurin sosai, shi ya sa yakan ɗauki wata 6 har zuwa shekara. Ko an matsa miki, ki ƙyale shi.

Kuma kada ki tsaya ga lissafin kwanaki kaɗai, ki duba kunnen. In har da sauran zafi, ko ja, ko kumburi, ko ɓawon nan da yake bushewa a jikin ƙarfen da safe, to bai warke ba. Ki riƙa wanke shi sau biyu a rana da ruwan gishiri irin na asibiti, ki bar sifirit, ki daina jujjuya shi. Wannan jujjuyawar da ake koya wa yara fama ciwon take yi.

Ranar canjin ki wanke hannu da sabulu, ki zaɓi mara nauyi, na zinare karat 14 ko sama, ko na wani ƙarfe da ake kira titaniyom. Masu arha sau da yawa suna da ƙarfen nikel a cikinsu, shi ke sa ƙaiƙayi da ƙuraje. Sabon ɗan kunnen ya ƙi shiga? Kada ki danna, ki koma wurin mai hujin.

Idan kuwa kika ga mugunya, da zogi, ko zazzaɓi, kada ki cire da kanki, don ramin zai iya rufewa da mugunyar a ciki. Ki tafi asibiti a ranar, musamman in na saman ne.