Jeri, Sahu ko Jerin Gwano?

Wani ɗalibin ƙididdiga daga Ƙofar Ƙaura a Katsina ya aiko da tambaya: "Malam, Allah ya ƙara basira. Muna koyon R, harshen kwamfuta na aikin ƙididdiga. Idan na rubuta seq(1, 9, by = 2) sai ya ba ni 1, 3, 5, 7, 9. Ina so in koya wa ƙannena da Hausa. In ce jerin gwanon lambobi, ko sahun lambobi?"

Ɗana, ko ɗaya. Ka ce jeri kawai.

Gwano baƙin ƙwaro ne mai wari, dangin tururuwa, wanda ke tafiya wani na bin wani. Saboda haka jerin gwano sai da tafiya, kamar motocin 'yan ɗaurin aure da suka kama hanyar Daura. Lambobinka kuwa a zaune suke. Balle ma sunan ba na yabo ba ne, tunda an ce gwano ba ya jin warin jikinsa.

Sahu ya fi kusa, amma duba masallaci. Mutum biyu za su iya musayar wuri, sahu yana nan daram. Kai kuwa in 7 ta riga 5, aiki ya ɓaci. Jeri daga jera yake, kuma iyayenmu mata sun fi kowa saninsa. In ana jere a ɗakin amarya, babban kwano a ƙasa, ƙarami a bisa, kowanne da mazauninsa. Abin da seq ke yi ke nan.

Wannan "by" ɗin kuma tazara ce, kuma a nan Hausa ba ta bukatar aro. Muna maimaita adadi ne: bibbiyu, uku-uku, biyar-biyar. Ka tsaya gun mai goro a kasuwa, ka ga yana ƙirga biyar-biyar har ya cika ƙwarya, wato goro 100. In ka rubuta seq(5, 100, by = 5), ƙirgarsa ce za ta fito, lambobi 20 cif. In kuwa ka rubuta 1:10, ƙirga ce ɗai-ɗai daga 1 zuwa 10. Sai dai ka ja kunnen yaran: 1:0 ba ya dawowa hannu rabbana, da baya yake ƙirgawa, ya ba ka 1 da 0.

Akwai kuma rep. In ka rubuta rep(3, 4) za ka sami 3 har sau huɗu. Wannan ni maimaici nake ce masa, don kwano iri ɗaya ne aka yi ta girkewa.

Shi sunan R ka bar shi yadda yake. Ross Ihaka da Robert Gentleman ne suka ƙirƙiro shi a Jami'ar Okland ta Niyu Zilan, suka fara fitar da shi a 1993, kuma harafin farko ne na sunayensu. Sunan yanka ba a fassara shi.