Zanen agogon kakana ya shafe

Tambaya: Malam, na gaji agogon aljihu na kakana, ƙirar Ingila. Furannin da aka zana da hannu a murfinsa sun kusa shafewa. Za su gyaru?

Amsa: Ɗan'uwa, don Allah fara daina goge shi da man goge ƙarfe, shi ke cinye zanen. Buɗe murfin ka duba ciki. In ka ga ɗan tambarin zaki yana tafiya, azurfa ce ta gaske, maƙerin fari mai haƙuri zai iya bin tsohon layin da bakin ƙarfe mai tsini, bayan an cire injin. In kuwa ruwan zinariya ne kan tagulla, kada a taɓa, tagullar za ta leƙo. Ni dai nawa, tsumma mai laushi kawai nake sa masa, domin hannun mai zanen farko nake son gani.